Canjin Naira Bakwai

Na yi shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, kusan duka tsakanin aji ɗaya da aji uku na firamare. Yanzu da na ajiye aiki, idan ƙananan malamai suka zo gaishe ni suka tambayi inda na koyi koyar da lissafi, sai in ce musu a bakin tasha, wurin wata yarinya 'yar shekara takwas mai tallar ƙosai, wadda na zane da safiyar ranar saboda ta faɗi lissafi. Sukan yi dariya, su ɗauka ba'a nake yi. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya faru tun ban fara mantuwa ba.

Ni 'yar UPE ce. A 1976 gwamnatin soja ta buɗe shirin nan na ilimin firamare kyauta ga kowa, aka bi gida-gida a ƙauyenmu da ke arewacin Katsina, dab da iyakar Nijar, ana rubuta yara. Babu mai takardar haihuwa, don haka gwajin shekaru ɗaya ne: ka zagaya hannun dama ta saman kai, in ya taɓo kunnen hagu ka isa makaranta. Nawa da ƙyar ya taɓo, sai da na karkata wuya. Mahaifina bai so ba, amma mai unguwa ya ce kowane gida sai ya bayar, shi kuwa ya ga gara ya ba da mace da ya rasa mai taya shi noma. Haka na shiga boko, ba don wani ya ga ƙwaƙwalwata ba.

Yara sun yi wa malamai yawa a shekarun nan, sai aka riƙa ɗebo mutane ana ba su horon gaggawa ana tura su aji. Malaminmu na aji biyu yana cikinsu, kuma ba na ganin laifinsa, abin da aka ba shi ne ya ba mu. Zai rubuta lambobi a allo, ya nuna da tsumagiya, mu kuma mu rera da Turancin da ba mu ji: wan fulos wan, tu, tu fulos wan, tiri. Da aka zo ɗebewa sai waƙar ta sauya, aka shigo da "boro wan". Wallahi na fi shekara ina zaton Boro sunan wani mutum ne da ake kira ya kawo ɗauki idan lissafi ya cije. Na dai haddace cewa in lambar sama ba ta kai ta ƙasa ba, sai ka soke maƙwabciyarta ka rubuta ɗan ƙaramin ɗaya a gefe. Dalili kuwa, wa zai tambayi dalili ga tsumagiya a hannun malam?

A gida akwai Kaka, mahaifiyar babana, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba na boko, amma ban taɓa ganin wanda ya ci mata kwabo ba. Naira ta zo a 1973, ita kuwa har ta koma ga Allah da sule da sisi da fam take lissafi: kwabo goma sule ne, naira biyu fam, naira ɗari biyu jaka guda. Idan matan ƙetaren iyaka suka zo sayen mai da sefa, sai ta juya kanta zuwa dala, ta san dala ashirin ita ce sefa ɗari, ta gama lissafinta kafin su kwance bakin zane. Bashi a jikin bangon ɗaki take rubuta shi da gawayi, layi ɗaya sule ɗaya, kowace mai bashi da kusurwarta. In an biya ta lashi yatsa ta goge. Kuma Kaka ba ta cewa goma sha takwas, "ashirin ba biyu" take cewa, goma sha tara kuwa "ashirin ba ɗaya". Da wannan na tashi a kunnena, amma ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa yana da alaƙa da abin da ake dukana a kansa a makaranta. Na makaranta sunansa lissafi. Na Kaka ba shi da suna, sana'a ce kawai.

Na gama firamare, na shiga kwalejin horon malamai mata, na fito da takardar malanta mai daraja ta biyu a 1987, shekarar da aka cire Katsina daga jihar Kaduna. A kwaleji an nuna mana amfani da marfin kwalba da tsinke wajen ƙirga, amma mu a wurinmu kayan nuna wa mai duba gwajin koyarwa ne, yana ba da maki ana mayar da su kwali. Manufar ilimi ta ƙasa tun ta 1977 ta ce a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa ko harshen gari, sai dai littafin lissafin da ke hannuna da Turanci yake. Na koma ga abin da na sani. Na fassara waƙar malamina zuwa Hausa rabi da rabi, na ci gaba da rerawa. Tarawa a zangon farko, ɗebewa a zango na biyu, kowace da ɗakinta kamar kishiyoyin da ba sa ga-maciji. Shekara tara na yi a haka, kuma ana yabona, domin ajina ya fi kowane aji ƙarar amsawa.

Yarinyar da nake magana a kai tana aji biyu. Kullum a makare take zuwa, tana warin mai da hayaƙi, kafin tara ta yi ta fara gyangyaɗi, domin tun asuba take taya uwarta suya. Ran nan na fito da baƙin rai, an yi watanni ba albashi, na kira ta gaban allo na rubuta 20 a sama, 13 a ƙasa, na ja layi na ce ta ɗebe. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta rubuta 13. Aji ya fashe da dariya. Na ce ta miƙo hannu, na zuba mata bulala biyar a tafi, na kuma faɗi maganar da har yau in na tuna sai na runtse ido. Na ce, "Ke dai ƙosai kika iya."

Da la'asar sakaliya na je tasha karɓar saƙo, sai ga ta da farantinta a gindin bedi. Ta so ta ɓuya, ba hali, ta durƙusa ta ce, "Malama, ina wuni." Ƙosai naira ɗai-ɗai ne a lokacin. Na ce ta sa min na goma, sai na tuna da 'ya'yan maƙwabciyata, na ce ƙara uku. Na miƙa mata Murtala, wato takardar naira ashirin. Ta kwance ƙullin kuɗinta da hannun da na daka. Ta ce "sha uku", ta ajiye sulallan naira ɗaya a kan faifai ta ce "sha huɗu", ta ajiye wani ta ce "sha biyar", ta ɗora takardar naira biyar ta ce "ashirin". Ko numfashi biyu ba ta yi ba.

"Ga canjinki, Malama, naira bakwai."

Na tsaya ina kallon faifan. Na ce, "Ke, ya aka yi kika san bakwai ne?"

"Ai biyu ne ya cika sha biyar, Malama, biyar kuma ya cika ashirin."

"To in an ɗebe sha uku daga ashirin, nawa ya rage?"

Sai ta sunkuyar da kai, ta mayar da hannunta baya. "Ban iya ba, Malama."

"Ai yanzu kika yi shi a gabana."

"A'a, Malama. Wannan canji ne."

Na ce to in wani ya sayi na sha bakwai ya ba ki hamsin fa? Ta ce uku ya cika ashirin, sai talatin, talatin da uku ke nan. Jikina ya yi sanyi. Na ɗauki ƙullin ƙosai na kama hanya, ban ma san yadda na iso gida ba.

Bayan isha na ba maigidana labari. Shi malamin Islamiyya ne, bai cika sa baki a harkar boko ba, amma ranar ya ajiye littafinsa ya ce, "Malama, ai ni ma kullum ina ganin irinsa. Tambayi kowane yaro a makarantarmu, wanda ya riski liman a raka'ar ƙarshe ta Magariba nawa zai ciko, zai ce miki biyu. Ce masa uku a ɗebe ɗaya, sai ya fara kallon rufin ɗaki." Na ɗauko littattafan yaran da na zo da su gida don dubawa, na kunna aci-bal-bal, na nemi nata. A nan na gano daga inda 13 ɗin ta fito. Ta dubi layin dama ta ga sifiri da uku. Ni da bakina na sha gaya musu ba a ɗebe babba daga ƙarami, sai ta juya ta ɗebe ƙaramin daga babban, ta samu 3. A hagu biyu a ɗebe ɗaya, ta samu 1. Dokata ta bi sau da ƙafa. Na buɗe sauran littattafan, na tarar fiye da rabin ajin haka suke yi: 32 a ɗebe 17 sun rubuta 25, ni kuwa ina ta zabga musu jan biro ban taɓa tambayar kaina me ya sa kuskuren nasu iri ɗaya ne ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne, yarinyar ba ta ɗebe komai ba a tasha. Ƙarawa ta yi. Ta tashi daga sha uku ta yi ta ciko har ta kai ashirin, abin da ta cika da shi kuwa shi ne amsar ɗebewar. Haka Kaka take yi, haka duk mai shago yake yi, haka ni kaina nake yi in na je kasuwa. Amma in na shiga aji sai in bar wannan a bakin ƙofa tare da takalmana.

Washegari na ce kowa ya zo da 'ya'yan tsamiya ko marfin kwalba guda goma. Ranar farko ba a yi karatu ba, jifa aka yi. Yara sun fi tamanin a ɗaki ɗaya, yawancinsu a ƙasa, ka ba su abin jifa kuma ka ce su natsu. Sai da na yi kwana uku ina koya musu zama biyu-biyu da ajiye kayan a gabansu kafin a fara komai. Sannan na zo da ƙoƙo daga gida. Na zuba duwatsu bakwai a kan tebur, muka ƙirga tare, na ce su rufe ido, na kife ƙoƙon a kan wasu. "Duka nawa ne?" Bakwai. "Nawa kuke gani?" Uku. "Nawa suka ɓuya?" Wasu suka yi ta cinke, wasu suka koma yatsu, mai ƙosai kuwa daga can baya ta ce huɗu, a hankali, kamar mai tsoron kada a ji. Na ɗaga ƙoƙo, ga huɗu.

Ban taɓa duwatsun ba na juya ga allo. Na rubuta 3 + 4 = 7, na tambaya ko gaskiya ne, suka duba tebur suka ce e. Na rubuta 4 + 3 = 7. Na kife ƙoƙo a kan ukun na rubuta 7 − 3 = 4, na mayar da shi kan huɗun na rubuta 7 − 4 = 3. Na ce, "Na ƙara dutse?" A'a. "Na rage?" A'a. Wani ɗan ƙiriniya da ba ya taɓa zama wuri ɗaya ya ce, "Malama, ashe duk 'yan gida ɗaya ne!" Sunan da ya bi su ke nan har na bar aiki. Lamba uku, 'yan gida ɗaya, babbar ita ce maigida. In ka san biyu, ta ukun ba ta da wurin ɓuya. Yaron da ya san shida da takwas sha huɗu ne, ba ya bukatar a sake koya masa sha huɗu a ɗebe takwas, yana da ita a aljihu, bai dai sani ba ne.

Na yi wata guda cur a kan goma kaɗai. Yatsun hannu biyu sun ishe mu: lanƙwasa uku, nawa ke tsaye? Lanƙwasa shida fa? Har sai da ya zama in na ce "takwas" ajin ya amsa "biyu", in na ce "ɗaya" su ce "tara", ba tare da kallon hannu ba. Wasu malamai sun ga ɓata lokaci ne, su sun kai ɗaruruwa ni ina kan goma. Ni kuwa a ganina gaggawar kai yaro ga ɗaruruwa bai san cikon goma ba ita ce ta cika mana manyan azuzuwa da masu zana sanduna a bayan littafi suna ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya riƙe goma, in ka ce masa takwas da biyar, zai ɗauki biyu daga biyar ya cika goma, uku ya rage, sha uku. In ka juya ka ce sha uku a ɗebe biyar, zai sauke uku ya dawo goma, ya sauke biyu ya tsaya a takwas. Hanya ɗaya ce, tafiya da dawowa.

Da azumi ya kama sai darasin ya riƙa kawo kansa. Kowace safiya: yau azumi nawa? Sha biyu. Saura nawa? Sha takwas. Kullum ɗaya na ƙaruwa ɗaya na raguwa, jimla ba ta motsi, kuma babu yaron da ba ya son sanin saura kwana nawa salla. Har gardama suka riƙa yi a kan in wata ya tsaya a ashirin da tara sauran zai ragu da ɗaya. Na bar su suka yi ta yi.

Batun aro shi ya fi ba ni wahala. Na saba cewa "mu aro ɗaya daga maƙwabci", sai wata 'yar ƙarama ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, yaushe za mu mayar masa?" Ban da amsa. Ɗan Bahaushe ya san aro ana mayarwa, rance ana biya, mu kuwa a allo muna karɓa mu yi gaba abinmu. Kuma ba ɗaya muke karɓa ba, goma ce. Sai na daina faɗin kalmar gaba ɗaya. Muka tsinke tsohuwar tsintsiya, muka ɗaure tsinke goma-goma da kyauro. Ashirin ƙulli biyu ke nan. Ana son a cire sha uku, ga ƙulli ɗaya an ɗauke, amma ina za a samo uku alhali babu na warwatse? Sai a kwance ƙulli. An kwance, ga goma, a zare uku, bakwai suka rage. Ba a ari na kowa ba, naka ne ka kwance, kamar yadda mutum zai fasa naira goma don ya sayi abin naira uku. Mai ƙosai ta yi da tsinke ta samu bakwai, ta yi irin nata na tasha ta samu bakwai, ta rubuta a allo ta samu bakwai. Sai da ta maimaita sau uku da wasu lambobin don ta tabbata ba dabo na yi mata ba.

Daga nan na kafa musu doka guda: duk wanda ya yi ɗebewa, kada ya kawo min littafi sai ya mayar da abin da ya ɗebe ya ga ko ya koma inda ya taso. Da ta san wannan tun farko, da ta tara sha ukunta da sha uku ta ga ashirin da shida, ta san da sake, ba sai an kai ga bulala ba. Ni ma dokar ta rage min aikin jan biro, ba zan ɓoye ba.

Akwai wata irin tambaya da ta ci gaba da kayar da su ko bayan duk wannan. Wa yana da goruba tara, ƙane yana da biyar, da nawa wan ya fi? Rabin aji su ce sha huɗu, don sun ji "fi" sun ɗauka ƙari ake nema. Wasu su ce tara. Ba laifinsu ba ne, ai a labarin babu wanda ya ci goruba, babu wadda ta ɓace, to me za a ɗebe? Na jera duwatsu layi biyu, tara a sama biyar a ƙasa, kowane da abokinsa, huɗu suka tsaya ba aboki. Ya taimaka, amma abin da ya warware shi sauya tambayar ne: ƙanen nan nawa yake bukata ya kamo wansa? Nan take hannuwa suka tashi. Ciko ne dai aka sake komawa.

Alamar daidai kuwa ban farga da ita ba sai bayan shekaru, lokacin da nake karatun NCE, wato babbar takardar malanta, daga gida a shirin Cibiyar Malamai ta Ƙasa (NTI) ta Kaduna. Na rubuta wa 'yan aji uku 8 + 4 = __ + 5, kusan kowa ya cike gurbin da 12. A wurinsu layukan nan biyu na nufin "ga amsa nan tafe". Na rubuta 7 = 3 + 4 suka ce na rubuta a juye. Na rataya gwangwanin madara biyu a bakin sanda, na ɗaura zare a tsakiya, ya zama sikeli. Sha biyu a wannan gefe, biyar a wancan, a yi ta jefa marfin kwalba har sandar ta daidaita. Bakwai aka jefa. Ina takaicin azuzuwan da suka wuce ta hannuna kafin in gane wannan.

Ba kowa ya ji daɗin sauyin ba. Wani mai duba makarantu ya zo ya tarar ina baya da mako huɗu a tsarin aiki, ga ɗakin cike da tsinke da marfin kwalba, ya sa aka ba ni takardar tuhuma. Iyaye ma sun yi ƙorafin littattafan 'ya'yansu ba sa cika da rubutu. Wadda ta fi ba ni dariya wata uwa ce da ta yi sallama gidana da littafin ɗanta a hannu, fuska ba annuri, tana tambayar dalilin da zan zana wa yaro hatimi. Murabba'i ne mai gida tara, lambobi ɗaya zuwa tara, kowane layi in ka tara ya ba ka sha biyar: 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Nakan goge wasu gidajen in ce su nemo, wanda ba ya yiwuwa sai ka tara biyun da kake gani ka nemi cikon sha biyar. Na zaunar da ita na ba ta ruwa, na ce, "Yaya, wannan ba tsibbu ba ne, kuma ba na Nasara ba ne." Na gaya mata wani malamin ƙasarmu, Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine, ya rubuta littafi da Larabci a kan tsara irin waɗannan murabba'ai tun 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ta ɗan sake, amma duk da haka ta ce gara in riƙa zana shi a allo kawai, kada ya kwana a gidanta.

Da daɗewa bayan haka ɗana, wanda shi ma ya karanci koyarwa, ya karanta min wani bincike da aka buga a 1985 a kan yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Brazil. Masu binciken sun riƙa sayen kaya a wurinsu kamar kowa, yaran na ba da lissafi daidai da ka, sannan aka ba su lambobin nan dai a takarda, da yawa suka kasa. Na ce masa da sun zo tasharmu da na rage musu kuɗin jirgi.

Kada wani ya ɗauka ina cewa talla ta isa makaranta. Lissafin ka yana da iyaka, in lambobi suka yi yawa ko bashi ya daɗe sai an rubuta, bangon Kaka ma ruwan sama ya taɓa cinye mata bashin wata biyu. Yarinyar nan makaranta ce ya kamata ta ɗora mata a kan abin da ta zo da shi, kuma ba ta samu lokacin ba. Tana aji huɗu aka cire ta. Na je har gida na sami uwarta a bakin murhu, ta saurare ni da ladabi har na gama, sannan ta ce, "Malama, ai ta iya canji. In ta zauna a aji wa zai kai min faranti?" Na dubi gidan, na san da farantin ake ci. Ban iya cewa komai ba. Bayan 'yan shekaru na ji an yi mata aure an kai ta wani gari.

Ina ajin 'yan shekara shida wata ranar Litinin ta farkon zango, shekaru wajen goma sha takwas bayan wancan la'asar, sai wata mata ta yi sallama a bakin ƙofa, riƙe da hannun yaro, da goyo a baya. Ban gane ta ba sai da ta durƙusa ta ce, "Malama, ina kwana," da muryar nan dai. Sun dawo garin, tana sarin wake da gyaɗa a kasuwa, tana da 'yan aiki biyu. Ta turo yaron gabana ta ce ya iya ƙirga har ashirin, sai dai kullum yana tsallake sha shida.

Na ja ta gefe. Na ce, "'Yata, akwai abin da ya daɗe yana cina. Ranar nan da na dake ki a gaban allo, na kuma gaya miki magana. Ki yafe min."

Ta yi shiru tana tunani, sannan ta ce wallahi ba ta tuna ba, ai duka a makaranta ba a ƙirga shi, amma ta yafe duniya da lahira. "Abin da na tuna, Malama, ranar da kika sayi ƙosai kika tafi kika bar canjinki a faifai. Na kai wa Inna, ta ce in kawo miki da safe, ni kuma tsoro ya hana ni. Naira bakwai ne."

Ta kwance bakin mayafinta, ta zaro goma ta leda, ta ɗora min a tafin hannu. "Ga goma. Kawo uku."

Na zazzage jakata a kan tebur, yara suna leƙe. Sulalla sun daɗe da ɓacewa daga hannun mutane, ko biyar ban samu ba balle naira ɗai-ɗai. Ta ce ba komai, tana bina uku, ta san inda nake. Ta gyara goyonta ta tafi kasuwa, ni kuma na kama hannun yaron na kai shi layin gaba, na zuba masa marfin kwalba a gabansa na ce ya ƙirga min, a hankali, daga sha huɗu.